Rabe-Raben Baƙi a Ƙasar Filifin da Halin Kowane Rukuni

Ƙasar Filifin tarin tsibirai ce a kudu maso gabashin Asiya, waɗanda hukumar taswira ta ƙasar ta ƙidaya su 7,641, kuma ƙidayar jama'a ta 2020 ta nuna mutanenta sun haura miliyan 109, mafi yawansu Kiristoci mabiya ɗariƙar Katolika, sai Musulmi kimanin shida cikin ɗari da suka fi yawa a kudu. Littattafan jagorar matafiya sun gama lissafa gaɓar tekunta da duwatsunta masu aman wuta, amma baƙon da ya ce yana son ya ɗanɗani zaman yau da gobe na mutanen ƙasar ya ɗauko aikin da ya fi kallon teku wuya, domin an gina wannan zama ne a kan ƙananan haƙƙoƙi da mutane ke bin juna, na gaisuwa da tayin abinci da miƙa kuɗin mota da kau da kai daga abin da zai kunyata wani, kuma tun daga ranar da baƙo ya sauka shi ma an fara binsa. Saboda haka hanya mafi sauƙi ta rarraba baƙin ƙasar ita ce a duba haƙƙin da kowannensu ke tuntuɓe da shi.

Rukunin da ya fi kowane yawa, ya kuma fi saurin karaya, shi ne na ma'abocin jadawali, wato baƙon da ya iso da takarda wadda aka yanka kwanakinsa goma a cikinta awa-awa, ya ware safiya guda domin Intramuros, tsohon birnin Manila mai ganuwa da Sifaniyawa suka gina, ya ware yammacinta domin tsibirin Palawan, kashegari kuma yana sa ran karya kumallo a Bohol. Malaminsa na farko shi ne titin EDSA, babbar hanyar da ta ratsa yankin Manila, wadda tsawonta bai cika kilomita 24 ba, kuma a kanta ne jama'a suka yi gangamin da ya kawo ƙarshen mulkin Ferdinand Marcos a Fabrairun 1986. Sai dai a ranakun aiki mazauna yankin, su fiye da miliyan 13, kan yi kamar sun sake fitowa wannan gangami, wannan karon a cikin motoci, ta yadda tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba takan cinye awa biyu. Malaminsa na biyu shi ne sararin sama, domin guguwar teku kusan 20 ke shiga yankin ƙasar kowace shekara, yawancinsu tsakanin Yuni da Nuwamba, kuma da zarar hukumar yanayi ta PAGASA ta ɗaga alamar gargaɗi sai a hana jiragen ruwa tashi, a bar ma'abocin jadawali a tasha yana nuna wa ma'aikaci takardarsa, ma'aikacin kuwa, wanda ƙasarsa ta ga yadda guguwar Haiyan ta hallaka mutane fiye da 6,000 a Nuwamban 2013, ba ya ganin jinkirin kwana ɗaya a matsayin masifa. Malami na uku shi ne abin da 'yan ƙasar da kansu ke wa laƙabi da lokacin Filifin, wato al'adar ɗaukar ƙarfe bakwai na katin gayyata a matsayin lokacin da ya kamata a fara tunanin wanka. Al'amarin ya kai ga an yi doka a 2013 wadda ta wajabta wa ofisoshin gwamnati da gidajen rediyo da talabijin daidaita agogonsu da lokaci guda na ƙasa, dokar da ta gyara agogo ta bar masu agogon yadda ta same su. Baƙon da ya fito daga Najeriya ba ya buƙatar darasi a wannan fanni, illa a tuna masa cewa jiragen sama ba su sa hannu a yarjejeniyar ba.

Kusa da shi a yawa akwai fasinjan jifni na ranar farko. Jifni ita ce motar hayar talakawa, wadda asalinta motocin jif ne da sojojin Amurka suka bari bayan Yaƙin Duniya na Biyu, aka tsawaita bayansu, aka sa benci biyu masu fuskantar juna, aka yi musu ado da fenti da ƙarfe mai sheƙi da sunayen 'ya'yan mai mota, kuma ta baya ake shiga a sunkuye. Galibinsu ba su da kwandasta, don haka kuɗin mota daga hannu zuwa hannu yake tafiya har ya isa ga direba, mai biya yana cewa "bayad po", wato ga kuɗi, inda "po" ƙaramar kalmar girmamawa ce da ake liƙa wa duk maganar da za a yi wa babba ko baƙo, canji kuma ya dawo ta hanyar da kuɗin ya bi. Baƙon da bai san wannan tsari ba yakan hangi fili a bayan direba ya yi murnar ya samu wuri mai kyau, bai san 'yan gari da gangan suka bar shi ba, domin duk wanda ya zauna a nan ya zama kwandasta ba albashi. Kafin a yi nisa hannunsa ya cika da sulallan mutanen da bai sani ba, ana faɗa masa sunayen unguwannin da bai iya furtawa ba, direba kuma, wanda ya naɗe takardun kuɗi a tsakanin yatsunsa, yana tambayarsa ta madubi na mutum nawa ne. A cikin wannan rukuni ake samun wanda ya miƙa takardar peso 1,000 da sassafe alhali a gabansa an rubuta cewa da safe sulalla kaɗai ake karɓa, da wanda ya wuce masaukinsa da unguwa uku yana jiran tasha, bai san cewa mai son sauka "para po" yake cewa, wato a tsaya, ko ya ƙwanƙwasa ƙarfen rufi da sule ba. Tun 2017 gwamnati ta ƙaddamar da shirin sauya tsofaffin jifni da sababbin ƙananan bas, direbobi suka yi ta yajin aiki a kai, amma tsofaffin na nan a kan titi suna horar da baƙi.

Wanda ya fi daɗewa cikin ruɗani shi ne mai ɗaukar kowace magana yadda aka faɗe ta. Zaman mutanen Filifin ya dogara sosai ga abin da suke kira "hiya", wato kunya da gudun zubar wa wani mutunci a gaban mutane, da kuma "pakikisama", wato tafiya daidai da jama'a domin kada zama ya ɓaci, kuma sakamakon haka shi ne a'a tsirara ba ta cika fitowa daga bakinsu ba, sai a suturta ta da "zan duba" ko "zan gwada" ko murmushi mai tsawo. Wannan baƙo yakan ji "zan gwada" ya tafi ya tanadi kujera da abinci, ya zauna jiran mutumin da a nasa ganin ya riga ya ba da haƙuri cikin ladabi. In ya tambayi hanya aka tura leɓe zuwa wani gefe sai ya tsaya yana jiran a buɗe baki, in aka ɗaga masa gira sai ya maimaita tambayarsa da ƙarfi, alhali ɗaga gira ita ce i. In kuma aka ce masa "malapit lang", wato nan kusa ne, yakan sa takalmin da bai dace da tafiyar da ke gabansa ba. Maƙwabcin da ya tambaye shi inda za shi gaisuwa kawai yake yi, amsarta kuma ita ce "diyan lang", wato nan kurum, amma shi sai ya tsaya ya zayyana banki da asibiti da dalilin zuwa kowannensu. Babban kuskurensa yakan zo ne ranar da ya fusata ya ɗaga murya a gaban teburin otal, ma'aikaciya ta yi murmushi, ya ɗauka raini ne ya ƙara ɗagawa, bai san murmushin mayafi ne da take rufe kunyarta da tasa ba, kuma daga wannan lokaci buƙatarsa ta shiga sahun abubuwan da za a duba.

A wajen abinci ne rabe-raben suka fi yawa, saboda a ƙasar ana cin shinkafa sau uku a rana, a tsakani kuma a yi "merienda", wato ɗan taɓa-ka-lashe na hantsi da na la'asar, kuma duk wanda aka tarar yana ci, ko da mai gadi ne a bakin ƙofa da ɗan kwanonsa, sai ya ce "kain tayo", wato zo mu ci. Nan baƙi suka kasu biyu, kowane ɓangare ya ɓace ta nasa gefe. Akwai mai amsa tayi nan take, wanda ke jawo kujera ya zauna a gaban mai gadin da ba shi da komai sai kifi ɗaya da dunƙulen shinkafa, ya bar bawan Allah yana raba kifin cikin fara'ar dole, alhali abin da ake so a irin wannan wuri shi ne godiya da cewa an ƙoshi. Akwai kuma mai ƙin tayi ko'ina, wanda ya shiga gida ranar "fiesta", wato bikin shekara-shekara na waliyyin da gari ke girmamawa, inda uwargida ta kwana tana girki, wataƙila ma da bashi, ya ce shi ba ya jin yunwa, ya tsaya a kan bakansa har ƙarshe. Ƙa'idar da ta kuɓuce wa dukansu ita ce a cikin gida ana ɗan noƙewa a tayin farko, a karɓa a na biyu, a yaba, a ƙara, sa'annan a bar yanka na ƙarshe a faranti, domin kowa na jin kunyar ɗaukarsa, kuma baƙo ne kaɗai ke miƙa masa hannu yana mamakin sa'arsa.

Jarumin kyamara shi ma ɗan wannan babi ne, ko da yake ba yunwa ce ta kawo shi ba. Abin da yake nema shi ne "balut", ƙwan agwagwa da aka bari ɗan tsako ya fara samuwa a cikinsa na kwana 14 zuwa 21 sa'annan aka dafa, wanda masu talla ke yawo da shi da dare suna jan sunansa, ana fasa samansa a kurɓe ruwan, a sa gishiri ko ruwan tsami a cinye sauran. Jarumin yakan kafa kyamara, ya rintse ido, ya yi kakari, ya haɗiye, sa'annan ya sanar wa duniya cewa ya zama ɗan ƙasa, alhali mutanen da suka kewaye shi suna tafi akwai da yawa a cikinsu da ba sa ci. 'Yan Filifin na cikin al'ummomin da suka fi kowa zama a kafofin sada zumunta, kuma sun daɗe da gane baƙon da ke yabon ƙasarsu domin ya tara 'yan kallo. Suna kallonsa duk da haka, wanda shi ne abin da ya sa sana'ar ba ta mutu ba.

Rukunin da ya cancanci tausayi, ko da yake dariyar takan zo da kanta, shi ne na mai binciken tukunya, wato Musulmin baƙo, sau da yawa ɗalibin likitanci ko aikin jinya daga Najeriya, wanda ya gano tun ranar farko cewa ya sauka a ƙasar da gasasshen alade ɗungurungum, da ake kira "lechon", shi ne sarkin kowace liyafa. Kalmar da yake fara haddacewa ita ce "baboy", wato alade, tun kafin ya koyi "salamat" ta godiya, kuma yakan shiga "karinderya", ƙaramin gidan abinci inda ake jera tukwane mai ci ya nuna wadda yake so, ya riƙa ɗaga murfi ɗaya bayan ɗaya yana tambaya. Matsalarsa ita ce mai abincin takan amsa da zuciya ɗaya cewa babu alade, tana nufin babu tsokar da ido zai gani, alhali da kitsen alade aka soya ganyen, waken kuma an barbaɗa masa soyayyar fatar alade domin ƙamshi, abin da a lissafinta kayan haɗi ne ba nama ba. Ko "adobo", naman da ake dafawa da ruwan tsami da tafarnuwa da miyar waken soya, wanda da yawa ke ɗauka abincin ƙasa, yakan zo da kaza zalla, yakan kuma zo da kaza da alade a tukunya guda. Mafitar wannan baƙo ita ce gasasshen kifi, da "sinigang" na kifi, wato romo mai tsami da ake yi da tsamiya, sa'annan unguwar Quiapo a Manila, inda Masallacin Zinariya yake, wanda aka gina a 1976 domin ziyarar Mu'ammar Gaddafi da ba ta yiwu ba, kuma a kewayensa 'yan ƙabilun Maranao da Maguindanao ke sayar da abincin halal, har da "pastil", shinkafa da yagaggen naman kaza a naɗe cikin ganyen ayaba. A nan ne yakan ji cewa Musulunci ya riga Kiristanci isa tsibiran, cewa ana danganta kafa masallacin Simunul da ke Tawi-Tawi da shekarar 1380, cewa Manila kanta tana hannun sarki Musulmi, Rajah Sulayman, lokacin da Sifaniyawa suka iso mata a 1570, kuma Ƙaramar Salla ranar hutu ce a ƙasa baki ɗaya tun 2002. A bayan gida kuwa shi ne gwani, domin "tabo", moɗar roba mai mariƙi da ake ajiyewa kusa da bokiti, wadda ke jefa Bature cikin neman takarda, aikin buta take yi.

Gwanin ciniki ba ya buƙatar dogon bayani. Taya, wanda suke kira "tawad", halal ne a "palengke", wato kasuwar kayan miya da kifi, da kuma babbar kasuwar Divisoria ta Manila, musamman ga mai sayen farko da safe, wanda ake ganin yana buɗe wa mai kaya sa'a. Amma ragin da ake yi kaɗan ne, kuma "suki", wato mai saye a wuri ɗaya kullum, shi ake yi wa ba tare da ya roƙa ba. Gwanin yakan ɗauki dabarar raba farashi biyu ya kai ta shagon "sari-sari", ɗan shagon unguwa da ake buɗewa ta tagar gida ana sayar da man wanke gashi leda ɗaya da ƙwai ɗaya, ya tsaya yana jayayya da tsohuwa a kan ribar da ba ta kai peso biyu ba.

Da dare kuma sai a shiga babin bidiyoke, na'urar da ke kaɗa kiɗan waƙa ba murya, tana nuna baitoci a allo, ta kuma ba mawaƙi maki bisa wani ma'auni da ya fi la'akari da ƙarfin murya a kan daɗinta. Mai gudun makirufo yakan ce shi bai iya waƙa ba, yana zaton wannan uzuri ne, bai lura cewa kawun da ya gama rerawa yanzu bai iya ba shi ma, kuma an tafa masa. Abin da ake nema shi ne kowa ya ɗan kunyata kansa domin kada wani ya rage a tsaye yana kallon saura. Kishiyarsa, mai ƙwace makirufo, ya fi shi haɗari, domin bayan ya noƙe sau uku sai ya karɓa ya jera waƙa takwas, har a wuce ƙarfe 10 na dare da wasu ƙananan hukumomi suka kafa a matsayin iyaka. Ana shawartar duka biyun su guji waƙar "My Way" ta Frank Sinatra, wadda jaridar New York Times ta ruwaito a 2010 cewa an yi kashe-kashe a kan rera ta, har wasu gidajen shaƙatawa suka cire ta daga na'urarsu.

Mai farautar asali ya fi duk waɗannan karatu, kuma shi ya fi su wahalar gamsuwa. Ya rantse ba zai taka manyan kantunan zamani ba, ba zai ci a Jollibee ba, kamfanin abincin gaggawa na ƙasar da aka kafa a 1978 wanda ya fi McDonald's kasuwa a gida, sai ya hau motar dare ta kusan awa tara zuwa Banaue a lardin Ifugao, inda aka sassaƙa gonakin shinkafa hawa-hawa a jikin duwatsu, waɗanda UNESCO ta sa wasunsu cikin kayan tarihin duniya a 1995. Can ya tarar manomi sanye da rigar ƙwallon kwando yana tambayarsa sunansa a Facebook, ransa ya ɓaci, sai da ya ga dattawa cikin kayan gargajiya a bakin hanya hankalinsa ya kwanta, ya ɗauki hoto ya biya, bai tsaya ya yi tunanin cewa domin irinsa suka sa kayan ba. Abin da ya kasa karɓa shi ne gaurayen da yake gudu shi ne ƙasar, domin Sifaniya ta mulke ta daga 1565 zuwa 1898 ta bar mata coci da bukukuwa da kalmomin ƙidayar lokaci, har da sunayen iyali da suka bazu bayan umarnin Gwamna Narciso Clavería na 1849; 'yan kasuwar Sin, waɗanda unguwarsu ta Binondo ta kafu tun 1594, suka bar mata taliyar "pancit"; Amurka, wadda ta riƙe ta har 1946, ta bar mata Ingilishi da ƙwallon kwando, wadda ake bugawa a kowane "barangay", wato mazaɓa mafi ƙanƙanta a tsarin mulki, ko da da silifas ne a tsakiyar titi. Ranar Lahadi, yayin da mai farautar asali ke hawan dutse yana haki, iyalan da ya zo nema suna cikin babban kanti mai sanyaya ɗaki, inda ake gudanar da addu'ar coci a wani bene, a sauko a ci taliya mai zaƙi a wani.

Ragowar rukuni shi ne na wanda ya daɗe har gida ya haɗiye shi. Ana gane shi da cewa an daina kiransa da sunansa tsirara, ya koma "Kuya", wato yaya, ko "Tito", wato kawu. Yara na kama hannunsa su ɗora a goshinsu, gaisuwar girmamawa da ake kira "mano", shi ma yana yi wa tsofaffin gidan. Yana cire takalmi a bakin ƙofa, yana sallama da "tao po" kafin ya shiga. Yakan ɗauka ya kai ƙarshen karatu ranar da aka roƙe shi ya zama "ninong", wato uban goyon yaro a wajen baftisma, ya amsa cikin alfahari, daga baya ya gano cewa muƙamin na tafe da kyautar Kirsimeti ta kowace shekara, a ƙasar da ake fara waƙoƙin Kirsimeti tun watan Satumba, kuma ba banza ba ne barkwancin 'yan ƙasar ya cika da labarin uban goyon da ke ɓuya a watan Disamba. Haka nan ba ya zuwa ko garin maƙwabta ya dawo hannu rabbana, domin "pasalubong", wato tsaraba, haƙƙi ne na duk wanda aka bari a gida, kuma kowane gari da abin da aka san shi da shi: busasshen mangwaro daga Sebu, kwaɓin doya mai launin shunayya daga Baguio, wainar sukari ta "piaya" daga Bacolod. Ranar da zai bar ƙasar kuwa, da yake miliyoyin 'yan Filifin na aiki a waje, daga asibitocin Saudiyya zuwa jiragen ruwan duniya, kuma kusan kowane gida na da nasa a can, sai a kawo masa kwali a ɗaure da sunan wata 'yar'uwa da ke aikin jinya a Dubai, kuma bayanin da zai yi cewa awa biyu kaɗai zai yi a filin jirgin garin, ba tare da izinin fita ba, za a saurare shi da murmushi da ɗaga gira, sa'annan a ɗora kwalin a kan jakarsa.